Shekarar da Kwaɗin Ramin Baba Suka Yi Shiru

Tun ina ƙarama akwai abin da nake tsoro, kuma ba kare ba ne, ba duhu ba. Ina tsoron a faɗi wata kalma a gabana wadda ban sani ba, sannan a juyo a kalle ni. A aji huɗu na tsaya da makaranta, shekarar da Mma, mahaifiyata, ta rasu riƙon gida ya dawo kaina, don haka kalmomin da ban sani ba suna da yawa. Sai na koyi dabara. In an faɗi abin da ban gane ba, in gyaɗa kai da sauri, in ce “haka ne”, a wuce wurin. Da wannan gyaɗa kan na yi aure, da shi na je awo, da shi na haife ki, Zenabu. Bayan haihuwarki abin ya ƙaru. Ina ba ki nono ina tunanin ranar da za ki dawo daga makaranta ki tambaye ni wani abu, in gyaɗa miki kai, ki gane.

Na san shekaruna ba su kai na mai rubuta tarihinta ba. Amma wannan babin ba zai jira tsufana ba, domin muryata tana yawo a wayoyin mutanen da ban sani ba, kukanki yana ciki, kuma gara ki ji yadda aka yi daga wurina.

Baba, wato kakanki Malam Sale, ya zo Akra daga Nijar yana saurayi. Ya yi dakon albasa a kasuwar Agbogbloshie har bayansa ya gaji, sannan ya samu wani siririn fili a bayan unguwar Kanda, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki inda ba a bari a yi gini. Su bakwai ne suke noma a wurin: latas, kabeji, albasa mai lawashi, da ɗan alayyafo. Kowa da fangalinsa. Na Baba goma sha biyu ne, kowanne bai wuce tsawon tabarma uku ba. A gefen filin akwai babbar kwata wadda take kwaso ruwan wankin rabin unguwa, baƙi ƙirin, da leda da komai. Baba ya ce ba zai zuba wa abin da mutane za su ci ɗanye wannan ruwan ba. Tun kafin a haife ni ya haƙa rami a kusurwar da ƙasa ta gangara, inda ruwa ke tsattsafowa da kansa, ya zuba ’yan tarwaɗa a ciki don su cinye ’ya’yan sauro. Kwaɗi kuwa ba wanda ya gayyace su, su suka kawo kansu. Duk su bakwai ɗin a nan suke ɗiba, kuma ramin Baba ake ce masa. Kullum da asuba, kafin ya tsoma buta, sai ya tsaya a baki ya karkata kai.

Na taɓa tambayarsa ina yarinya: “Baba, me kake saurare?”

Ya ce, “Ma’aikatana. In suna surutu, ruwa na da lafiya.”

Maganin tsutsarsa ɗaya ne: ganyen darbejiya a jiƙa kwana uku da toka da ɗan sabulu. Yana wari kamar me, kuma ba ya aiki da sauri. Kabejin Baba ba ya rasa ’yan huji.

Mahaifinki Awudu, da yake direban motar haya ne, wadda muke ce wa trotro, kuma ba ya wuni a gida, ya saya mini babbar waya don ya riƙa ganin hotonki. A lokacin manoman filin sun buɗe guruf na tura saƙo a waya, kuma Baba ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, ko ita sai ya nisanta ta da fuska kafin ya ga lamba. Sai aka sa ni a madadinsa. Ba zan ɓoye ba, guruf ɗin ya yi musu amfani. Da, mutum zai yanke latas da safe, mai saye ba ta zo ba, zuwa azahar ya yi yaushi a zubar. Yanzu sai an ji tana hanya ake yanka. In aka turo cewa za a yi ruwa da yamma, ba wanda ke wahalar da bayansa da ban-ruwa, ramin ma ya huta. Ni kuwa abin da ya fi yi mini daɗi shi ne saƙon murya ba ya buƙatar karatu. Ka danna, ka yi magana. Duk saƙon da zan aika, da kalmomi iri ɗaya nake farawa: “Salamu alaikum, Memuna ce. Baba ya ce...” Manya masu furfura su saurara su amsa da “to, madalla”. A rayuwata ba a taɓa saurara ta haka ba. Na san ba don ni ba ne, amma na saba da daɗin.

A shekarar da kike fitar da haƙori, tsutsa ta sauka wa kabeji irin wadda ba a saba gani ba. Maame Serwa, wata Ba’ashantiya da take sarin kayan Baba ta kai Kasuwar Malam Atta, ta ɗaga wani kan kabeji sama tana leƙen rana ta cikin ganyen.

Ta ce, “Memuna, ɗana, wannan kabeji ne ko rariya? Ka gaya wa Baba, ni ba na sayar da rariya.”

Haka Hausar unguwarmu Nima take, mace ma “ka” ake ce mata, Baba ne kaɗai a gidanmu yake ce mini “ke”. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da yamma na ji Baba yana ce wa Awudu in ƙasar nan ta gaji da shi, zai tattara ya koma gida Nijar. Wataƙila faɗa kawai ya yi. Ni dai ban ɗauke ta da wasa ba. Ba ni da uwa, ba ni da ’yar’uwa a Akra, shi ke nan mini.

Ana cikin haka wani saƙo ya shigo wani guruf ɗinmu na mata, wanda muke sanar da suna da biki. Ban san wadda ta fara kawo shi ba. Muryar wani namiji ce, Hausarsa sumul kamar ta rediyo. Ya daɗe yana bayani a kan tsutsar da ke cin masara, ya faɗi sunan wani magani na kwalba, sannan ya ce, “Gwangwanin madara ɗaya ya ishi eka guda.” Sau huɗu na saurara. Komai na gane, ban da eka. Baba yana zaune a bakin ƙofa a lokacin, ƙafarsa ta kumbura ya miƙe ta a kan kujera, yana ɗaure hannun butar ban-ruwa da waya. Taku uku ne tsakaninmu. Na dube shi, na buɗe baki, sai tsohon halina ya taso. Na gyaɗa wa wayar kai. Na ce a raina, eka ai ba za ta wuce gonar mutum ɗaya ba, yadda muke cewa fuloti.

Na san manomanmu ba za su zauna sauraron dogon bayani ba, sai na ce bari in gajarta musu da bakina. Na koma bayan ɗaki. Kina goye a bayana kina kuka, ina jijjiga ki ina magana. Na bar zancen masara, don na ɗauka tsutsa tsutsa ce. Na bar inda ya ce a jira kwanaki kafin a taɓa amfanin, don kukanki ya yi yawa ina so in gama. Na ce kowane mai gona ya zuba gwangwanin madara ɗaya. Kuma bakina, da ya saba da hanyarsa, ya fara da “Baba ya ce”.

Wannan wurin ne nake so in faɗa daidai, don na daɗe ina gaya wa kaina kuskure ne. Na ji abin da bakina ya faɗa. Na sake kunna saƙon bayan na tura, na ji. Ana iya gogewa, kuma na san yadda ake yi. Yatsana yana kai sai ga amsar Kawu Issaka, wanda fangalinsa ke maƙwabtaka da na Baba, haifaffen Maamobi, mai babbar murya.

“Allahu akbar, yau tsoho ya farka! Memuna, ka gaishe shi, ka ce mun gode.”

Sai wani ya turo godiya, sai wani. Na janye yatsana. Na ce in kabeji ya yi kyau, sai in gaya wa Baba ni ce, ya san ’yarsa ma ta san wani abu.

Ranar Alhamis ce. Ƙafar Baba ta hana shi fita har kwana huɗu. Mutum biyar suka sayi maganin. Ba su da injin feshi, sai suka dama a cikin butocin ban-ruwa suka kwarara a kan fangali, sannan suka tsoma butocin nan a ramin Baba suka ci gaba da ɗiba kamar kullum. Ranar Asabar aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanke saman filin kaf, kuma duk ruwan filin nan wuri ɗaya yake gangarawa.

Ranar Litinin da sassafe na raka Baba ina ɗauke masa da butoci. Tun daga nesa na ji wani wari mai kama maƙogwaro. Baba ya isa bakin ramin ya karkata kai yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Ana jin motoci a babban titi, ana jin mai koko tana kira, amma daga ramin babu komai. Da na matso sai na ga kwaɗin sun kwanta rigingine, fararen cikkunansu a sama, tarwaɗar suna yawo a kan ruwa a sandare. A kan fangali kuwa tana ce ta fito daga ƙasa ta mutu, birjik, kamar an watsa guntayen zare. Ban taɓa sanin akwai tana da yawa haka a ƙarƙashin ƙafarmu ba sai ranar da na gan su a mace. Bakin latas duk ya ƙone.

Kawu Issaka ya taso da waya a hannu, sauran suna binsa.

“Baba Sale, shekara nawa kana hana mu maganin kwalba, kana cika mana hanci da ruɓaɓɓen ganyenka? Ranar da ka ce mu yi, ka ga abin da ka sa mu.”

Baba ya ce, “Me na ce?”

Kawu Issaka ya danna. Muryata ta fito a tsakiyar filin, da kukanki, da “Baba ya ce”. Ina tsaye da buta a kowane hannu, na rasa inda zan ajiye idona. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake kunnawa. Aka sake. Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar yadda ake duban hadari a ga ko zai zubo. Na san jira yake yi. Na sunkuyar da kaina.

Sai ya juya gare su ya ce, “To, na ji. Ku yi haƙuri.”

Kawu Issaka ya ce, “Kai ka ce ko ba kai ka ce ba?”

“Muryar gidana ce.”

Daga nan ya ce ba za a fitar da ganye ko ɗaya daga filin nan ba, a tuge komai a binne, har da nasa da ba a zuba wa ba, tunda ruwan sama bai tambayi iyakar kowa ba. Wani ya ce ai in an wanke da ruwan gishiri shi ke nan. Baba ya nuna ki a bayana ya ce, “Wanke ka ba wannan ta fara ci.” Aka hau tugewa. Da Maame Serwa ta iso da babban bahonta, ta tarar da maza bakwai suna haƙa wa kabeji kabari. Ta tsaya ta kalla, ta kife bahon a ka ta juya.

Da rana ta yi, Baba ya ce in biyo shi. Yana ɗingishi ya kai ni gindin turken lantarki na farko, muka taka har katangar da filin ya ƙare, muka juya muka bi gefen kwata muka dawo. Da muka tsaya sai ya juyo gare ni.

“Kin ga duk inda muka zaga? Namu mu bakwai. Bai cika rabin eka ba.”

Ashe ya nemi Awudu, wanda ya leƙo filin da ya ji labari, ya kunna masa saƙon mutumin na asali a wayata tun ina can ina tuge latas. Na tsaya ina kallon filin. Rabin gwangwani ya yi masa yawa, an zuba masa biyar.

Ya ce, “Me ya hana ki tambaya ta?”

Na ce, “Kunya.”

“Ina bakin ƙofa fa, Memuna.”

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya na yi ban faɗa wa kowa ba. Sun kwashe ruwan ramin sau uku, suka kankare laka, amma Baba ya ce ba a taɓa shi ba tukuna. Sabon iri kuwa ba ya jira. Don haka da idona na ga Baba ya sauka gangaren kwata, ya ture leda da gindin buta, ya ɗebi baƙin ruwan nan da ya shekara talatin yana ƙi. Ya hau yana kawar da fuska. A kwanakin ne kuma wata tsokana ta shigo filin. Duk wanda zai yi ƙarya don a yi dariya sai ya fara da “Baba ya ce”. Baba ya ce gobe za a yi ruwan shinkafa. Baba ya ce kabeji zai haifi kaza. Yana ji, yana ban-ruwansa, bai ɗaga kai ba. Mutumin da in ya ce a dasa yau, ba a kai gobe.

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci, suna zaune a inuwar katanga, na je na durƙusa. Na ce Baba bai ce komai ba, ni na ji a waya, ni na yanke, ni na sa sunansa, kuma na ga dama in goge ban goge ba. Ina cikin magana kika farka a bayana.

Kawu Issaka ya tofar da goron bakinsa ya ce, “Ai mun sani.”

Na ɗago.

“Tun da ya ce a sake kunnawa muka sani. Wa yake neman a maimaita masa maganarsa? Kai muke jira. Kana tsammani tsohon muke tsokana?” Sannan ya ce, “Mu ma da namu. Shekara talatin mun san mutumin nan, da mun so da mun taka zuwa gida mun tambaye shi. Mun ji abin da muke so mu ji ne.”

Baba ya juyo gare ni. Ya miƙo hannu ya karɓe ki daga bayana, ya ɗora ki a cinya.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Na yi sabon saƙo, na bayyana komai, na ce kada kowa ya yi aiki da na farko. Mutum shida suka saurara. Abin da ban sani ba shi ne tun ranar Alhamis ɗin farko, kafin a ga kwaɗo ko ɗaya a mace, wani a cikinsu ya tura wa ƙaninsa mai lambu a Ashaiman don ya taimake shi. Bayan wata biyar sai ’yar ƙanwar Mma da ke aure a Kumasi ta kira ni tana dariya.

“Memuna, ashe ka zama malamin gona? Na ji muryarka a wayar maƙwabcinmu. Wai wani tsohon manomi a Akra ne ya ba da sirri.”

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Na roƙe ta ta kai masa saƙo na biyu. Ta ce ta kai, amma ya riga ya tura wa mutanensa, kuma shi bai ga dalilin tura wani saƙo da mace take ba da haƙuri a ciki ba. Tun daga lokacin sau biyu ya sake dawo mini ta hannun mutanen da ba su san juna ba. Duk sanda ya dawo, sai in kwana biyu ina tunanin ko akwai wani rami a can, ko wa ya haƙa shi, ko akwai wanda ya ce a binne kayan ko kuwa an wanke an kai kasuwa, wata uwa ta yanka wa ɗanta a kan wake da shinkafa. Ba ni da hanyar sani. Wannan rashin sanin shi ne abin da nake ɗauke da shi.

Sai a damina ta biyu Baba ya yarda aka koma ɗiba a ramin. Wata safiya ya karkata kai ya daɗe, sai na ga gemunsa ya motsa. Kwaɗo ɗaya ne, muryarsa ma a shaƙe. Baba ya ce, “Sabon ɗauka ne, bai iya aiki ba tukuna.” Yanzu sun yi yawa. Tarwaɗa dai bai sake zubawa ba, kuma fangali uku na gangare har yau in ka tona da ƙyar ka ga tana, ƙasar ta yi tauri, tana shan ruwa ba ta ƙoshi. Bai koma Nijar ba. Har yanzu ni ce a guruf, amma duk saƙon da ya shigo sai na kunna masa a bakin ƙofa, kuma ya kafa mini doka: in an zo kalmar da ban sani ba, in tsayar. Farko ina tsayarwa ina jin kamar an tuɓe ni a kasuwa. Wata rana na tsayar a kan wata kalma, ya yi tunani ya ce shi ma bai san ta ba, mu kira Issaka. Na daɗe ina mamakin yadda ya faɗi haka ko a jikinsa.

Zenabu, in kin girma kika tambaye ni abu, kika ga na gyaɗa kai da sauri, kada ki ƙyale ni. Ki sake tambaya.

Ku kuma da wannan rubutu ya iso hannunku, roƙona ɗaya ne. Saƙon bai kai minti biyu ba. Mace ce take magana da Hausar Nima, jaririya tana kuka kusa da bakin wayar, daga nesa ana jin hon ɗin mota. Ta yi sallama, ta ce Memuna ce, ta ce Baba ya ce a zuba gwangwanin madara ɗaya. In ya shigo wayarku, don Allah kada ku tura wa kowa. Ku goge shi, sannan ku kira wanda ya turo muku ku gaya masa Baba bai ce ba. Ni na ce.